Makomar Tsohuwar Karya a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar sauran ƙasar Hausa, aiki ne yake kawo kare gida: farauta, ko tsaron gona, ko bin garke. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ina kare yake zuwa in aikin ya ƙare. Na fi damuwa da karya, wadda ta shekara bakwai ko takwas tana zuba 'ya'ya har jikokinta suka bazu ƙauyuka, sannan haƙora suka zube, ƙafa ta daina cim ma zomo, haihuwa ta tsaya. Littattafan fiƙihu sun yi magana a kan karen da ke aiki, kirarin mafarauta ya wasa karen da ke kamu, amma tsohuwar karya ta faɗa tsakani, kuma matan gida ne suka daɗe suna ɗaukar nauyinta ba tare da kowa ya rubuta ba.

Sai a fara da dajin, don in babu dawa babu mafarauci. Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, kuma tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, wanda ya riƙe wannan yanki bayan jihadi, gari ne na malamai da mayaƙa da fatake. Kebbe tana can kudu, inda Sakkwato ta yi iyaka da Zamfara ta wajen Gummi, da kuma jihar Kebbi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tambuwal mutum sama da 220,000, ta Kebbe kuwa kusan 125,000, alhali ƙasar Kebbe ta fi ta Tambuwal faɗi sosai. Ga ƙarancin jama'a, ga faɗin ƙasa, ga fadamun gulbin Zamfara da ya ratso ta Gummi ya nufi Jega. Shi ya sa daji ya daɗe a can bayan ya ƙare a wasu wurare. A tasowata, in an gama sussuka iska ta fara kaɗawa, mafarautan wajen Dogon Daji da Sanyinna da Jabo kudu suke fuskanta, karnuka a gaba, ganga a baya.

Kare ya riga Musulunci zama da Bahaushe. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci baƙin kare a cikin abubuwan da mutanen Dala suke yankawa a wurin tsafinsu zamanin Barbushe. Garuruwa da yawa kuma, in ka tambayi asalinsu, za a ce maka wani maharbi ne ya fara sare wurin ya kafa bukka. Har yau a Massalata, kusa da Birnin Ƙonni, ana yin buɗin daji, bikin da asalinsa shi ne ba wanda zai shiga dawa da sunan farauta sai an buɗe ta. Sai dai a bambance maharbi da mafarauci. Maharbi mutum ɗaya ne da bakansa ko bindigarsa, mai sirri, mai kwana a kan itace, kuma sau da yawa ba ya son kare kusa da shi don haushi yana korar nama. Farauta kuwa ta taron jama'a ce: a yi shela, a sa rana, ƙauyuka su haɗu, 'yan tauri su zo da wuƙaƙensu da makaɗansu, a ja daga a kewaye daji. A nan kare yake sarki. Zomo, gada, barewa, gafiya, dila, wani lokaci har gadu mai haure, duk sai kare ya tayar ko ya tare kafin gora ta sauka. Wanda ya taɓa ganin an tsaya a kan gada guda, wannan yana cewa karensa ne ya fara kamawa, wancan yana zare wuƙa, ya san inda aka samo kare jini, biri jini.

Da malaman jihadi suka kafa mulki, ba su zo da sabon hukunci a kan kare ba. Abin da ke cikin Risala da Muhtasar shi suka karantar, kuma shi ake karantarwa a zaurukan Tambuwal har gobe. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, yawunsa ma haka. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki, malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni kawai. Wannan yakan ba mutane mamaki, don yawancinmu mun tashi muna tsalle in kare ya shinshini rigarmu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, in an ambaci sunan Allah wajen sakinsa. In an tarar da naman da sauran rai, a yanka. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a 996, ya taƙaita ajiye kare ga dalilai uku: gona, dabbobi, da farautar neman abinci, ban da ta nishaɗi. Amma masu sharhin littafin sun kawo labarin cewa shi da kansa, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imam Malik, mai mazhabar, ya ƙi hakan, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Ina son wannan labari, kuma ina ganin mutumin da ke kwana a ƙauyen bakin daji a Kebbe a yau ya fi kowa fahimtarsa.

Hukuncin da ya fi shafar karya shi ne na ciniki. Risala ta kawo hani a kan sayar da karnuka, ta ce an yi saɓani game da wanda aka yarda a ajiye, sannan duk wanda ya kashe irin wannan kare sai ya biya ƙimarsa. Sahnun, babban malamin Ƙairawan da ya rasu a 854, an ruwaito cewa shi zai sayar har ya yi aikin hajji da kuɗin. Mutanenmu dai ɓangaren hani suka fi riƙewa, kuma wannan ya haifar da wata al'ada mai kyau. Kwikwiyo ba a cinikinsa a gidan mafarauci na asali. Roƙo ake yi tun karya tana da ciki. In ta haihu, aka yi kwana arba'in ko fiye, mai roƙo ya zo da goro, ko 'yar kaza, ko damin gero, ya ce ga na dusa. Ba a kiransa kuɗin kare. Ta haka tsatson karya guda yake zama zumunci tsakanin gidaje: wanda ya karɓi ɗiyarta ya san in ta haihu akwai kason mai uwa, kuma a filin farauta ba zai zare wa wannan gida wuƙa a kan nama ba.

Tsatso kuwa ta wajen uwa ake lissafa shi, don uba ba kullum ake saninsa ba. Karya takan nemi namiji kusan sau biyu a shekara, cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, kwana 63 a lissafin likitocin dabbobi. Mafaraucin da ya san abin da yake yi yakan kulle ta a ɗaki ko ya ɗaure ta a bayan rumbu a waɗannan kwanaki, ya kai ta wurin namijin da ya zaɓa, ko da tafiyar yini ce. Abin da ake nema sananne ne: doguwar ƙafa, faɗin ƙirji, shafaffen ciki, da zuciya. Irin da aka fi yabo shi ne na Buzaye, dogayen nan sirara da ke saukowa tare da masu raƙuma da masu shanu daga arewa. Su ne Turawa suka kwasa zuwa Yugoslabiya da Faransa a farkon shekarun 1970, suka sa musu sunan kwarin Azawak, har ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da su cikin rajistarta a 2019. A can ana biyan kuɗi mai yawa a kan abin da kakanninmu suke samu da damin gero. 'Ya'yan da aka samu a yanke musu kunne tun suna ƙanana don kada ƙaya ko haƙorin nama ya kama, a rataya wa wanda aka fi so laya, a fara fita da su bayan uwarsu su ga yadda ake yi. Uwar ita ce makarantar. Karen bana shi ke maganin zomon bana, gaskiya ne, amma karyar bara ce ta nuna masa hanya.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mafarauci ne a wani ƙauye na ƙasar Kebbe, kuma yana da wata karya ja mai farin ƙirji da ake kira Durwa. Ban san ta da ƙuruciya ba. Na tarar da ita nonuwa sun zube har suna kusan taɓa ƙasa, gira ta yi fari, kunnen hagu guntu, ga tabon hauren gadu a cinya. Ranar fita farauta ita ce ranar wahalarta. Tun da asuba in ta ji ganga sai ta miƙe, ta bi sahun 'ya'yanta har bakin gari, a koro ta, ta sake bi. Daga baya sai da aka riƙa ɗaure ta a turken akuya har ƙurar mutane ta ɓace. Kawu mutum ne mai lissafi, kuma hatsin shekarar bai yi auki ba. Wata safiya na ji yana ce wa kakata, da harshensu na can:

"Inna, wagga karya ta gama aiki. Baki ɗai ta rage. Masu saye sun zo kasuwa."

Tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Naman da kac ci shekara da shekaru, wa ya kamo ma shi? Bar ta nan. Ƙanzona ne, ba naka ba."

Shi ke nan shari'ar. Daga ranar Durwa ta tashi daga karyar Kawu ta koma karyar Inna, ta bar zaure ta koma gindin murhu. Abincinta ƙanzon tukunya da aka jiƙa da ruwan zafi, da dusa, da ɗan tsari in an yi kaɗi, don haƙoranta ba sa iya ƙashi. Ƙwaryarta daban, a kife bayan randa, ba mai taɓawa. Ɗaki ba ta shiga, tabarmar salla ba ta kusanta, kuma ba wanda ya koya mata wannan da duka. Ta san iyakarta. Kakata takan zauna da yamma ta ciccire mata kaska a kunne da tsakanin yatsu tana jefawa a wuta, tana yi mata faɗa kamar yadda ake yi wa tsohuwar kishiya da aka daina gaba da ita. Aikin da ya rage mata shi ne ta kori shaho daga 'yan tsaki, ta yi haushi in baƙo ya doso da dare, ta kwanta kusa da jariri in uwarsa ta tafi rijiya. Da ta mutu, yara suka ja ta zuwa bayan gari aka haƙa rami aka rufe, don kada ungulu ta taɓa ta. Kawu bai ce komai ba, amma shi ya ba da fartanya.

Na kawo wannan ne don haka abin yake a gidaje da yawa, kuma ba shi da suna. Ba wanda zai ce ya ɗauki riƙon karya. Namiji yana da kare muddin kare yana kamu. In ya daina, ya zama na mata da yara, su da ke riƙe da tukunya. Malamai ba su hana ba, don ana iya cewa tsaro take yi, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, wanda ke cikin Buhari, kowace tsohuwa ta san shi ko ba ta san ƙira'a ba. Ba na cewa kowace karya ta sami irin wannan gata. Wasu an kore su da jifa sun koma bin juji da mahauta, wasu an kai su daji an baro. Amma akwai kunya a cikin yin hakan, kuma ana faɗa wa mutum a fuska.

Zuwan Turawa ya taɓa farauta ta fuska biyu. Bayan sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun kafa dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963, aka jera dabbobin da ba a kashewa da waɗanda sai da lasisi. A ƙauye wannan bai hana komai ba sosai, sai dai a ɓoye fata in an ji ma'aikacin gandun daji yana gari. Wadda ta fi shafar kare ita ce maganar hauka. An fara rubuta cutar haukan kare a jikin mutum a Nijeriya a 1912, a jikin kare kuma a 1925, shekara guda bayan kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda daga baya ta riƙa yin allurar rigakafin. Dokar karnuka ta zamanin ta ba hukuma ikon kashe duk karen da aka gani yana yawo babu mai shi in cutar ta ɓulla. Wa ke yawo babu mai shi? Tsohuwar karyar da aka kora. Wadda ke gindin murhun wata Inna ta tsira.

Abin da doka ba ta yi ba, fari da gatari sun yi. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa sun kore nama, jama'a ta ƙaru, gona ta ci saura, saura ta ci daji. Inda ake tayar da barewa ya koma gonar gero, fadama ta koma shinkafa da albasa. Mafarauta suka fara hawa mota da karnukansu suna tafiya nesa, wasu har kudancin ƙasar nan, su yi watanni. Mai irin wannan tafiya ba ya ɗaukar karyar da ba ta gudu, kuma ba ya nan balle ya san halin da take ciki. A 'yan shekarun nan kuma dajin da ya rage tsakanin Kebbe da Gummi ya zama wurin da mutum ba ya shiga da ganga yana shela, saboda 'yan bindiga. Mafarauta da yawa sun koma 'yan sintiri, karnukansu sun koma masu gadi. Ta wannan fuska darajar kare mai haushi ta tashi, ko tsoho ne, don kunnen tsohuwar karya yakan riga na mai gida jin babur.

Sai dai wani abu ya shigo da ya fi fari illa ga tsohuwar al'adar, shi ne kuɗi. Akwai babbar kasuwar karnuka a Dawaki, cikin ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato, inda ake tara karnuka daga jihohin arewa har da Nijar, a loda su a keji zuwa Kuros Riba da Akwa Ibom da sauran wuraren da ake cin namansu. Ba ina zagin masu ci ba ne, kowa da abincinsa. Abin da nake faɗa shi ne, tun da dillali ya fara zagayawa ƙauye da keji a bayan babur, karyar da ta daina haihuwa ta sami farashi, kuma abin da ke da farashi wuya ne a bar shi yana cin dusa a banza, balle yanzu da dusar kanta ta zama abin saye saboda masu kiwo. Mutumin da kakansa ya ƙi karɓar kuɗin kwikwiyo don malam ya ce babu kyau, shi ne yau yake karɓar kuɗin uwar. In ka yi magana ya ce ai akwai saɓanin malamai. Akwai, amma saɓanin a kan sayar da karen farauta ne ga wanda zai yi farauta da shi.

A birane kuma, Sakkwato da Kano da Kaduna da Abuja, wata sabuwar sana'a ta taso: kiwon karnukan Turawa don sayar da 'ya'yansu ga masu gidajen da ke son gadi. A nan karya jari ce tsantsa. Ana haɗa ta duk lokacin da ta nema, ba hutu, a keji, har ta ƙare. Ƙasashen da suka riga mu wannan sana'a sun ga inda take kaiwa. A Ingila dokar 2018 ta hana mai lasisin kiwo ya sa karya ta haihu fiye da sau ɗaya a wata 12, ko fiye da sau 6 a rayuwarta, kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta ƙasar ba ta rajistar 'ya'yan karyar da ta riga ta haihu sau 4 ko ta wuce shekara 8. A 2020 suka ƙara wata doka da ake kira da sunan Lucy, wata karya da aka ceto daga gidan kiwo a Wales bayan an tatse ta da haihuwa, dokar kuwa ta hana dillalai sayar da 'yan kwikwiyo. Tun 1975 suna da gidauniyar da ke nema wa karnukan tsere gidajen zama in sun gama gudu. Mutum ya cika takarda, a zo a duba gidansa, sannan a ba shi tsohuwar karya ya riƙe. Ba na cewa mu kwaikwayi sa wa kare riga ko kwana da shi a gado. Wannan ba namu ba ne, kuma ba zai zama ba. Amma abin da suke yi da takarda da lasisi, kakata ta yi shi da ƙanzo, kuma ita ba ta bar karyar ta kai ga sai an ceto ta ba.

Wanda ke da irin wannan karya a gida, ko wani mafarauci ya ce zai ba shi, ga abin da na sani. Wadda ta tashi a gidan farauta ta saba da mutane, ba ta da wuyar zama. Wadda ta fito daga keji takan yi makonni tana tsoron fili da hayaniyar yara, sai an bi ta a hankali, kuma kada a bar ƙaramin yaro da ita su kaɗai kafin a san halinta. A jiƙa mata abinci, a ware mata ƙwarya da inuwa. A riƙa shafa nonuwanta, don tsofaffin karnuka mata sukan yi ƙari a nan. In aka ga tana yawan shan ruwa, ta daina ci, ciki ya kumbura ko ruwa mai wari yana fita bayan ta gama neman namiji, mahaifa ce ta ruɓe, kuma wannan yana kisa cikin kwanaki in ba a kai ta wurin likitan dabbobi ba. Sannan allurar hauka, kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. In kare ya ciji wani, ko na gida ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace.